Harsashi: Tafiyar Kalma Daga Ribaɗin Wurno Zuwa Kasuwar Goronyo

Kalmar harsashi gida biyu gare ta a bakin Bahaushe. Idan gwamna ya karɓi cokalin magini ya ɗora bulo na farko, mai karanta labarai zai ce an aza harsashin ginin asibiti. Kafin minti guda ya cika, muryar nan dai za ta sanar da mu cewa harsashi ya sami wani manomi a gonarsa a gabashin Sakkwato. Kunnenmu ya saba, ba ma ko lura da cewa kalma ɗaya ce ta yi aikin nan biyu, na kafa gida da na tashinsa.

A Wurno da Rabah da Goronyo, ma'ana ta biyu ita ce ta fi yawa a bakin mutane cikin 'yan shekarun nan. Yaran da ba su kai shekarun azumi ba sun san kwanson harsashi idan sun tsince shi a bakin hanya. Tun da kalmar ta shiga gidajenmu haka, ya kamata mu san daga ina ta fito, yaushe ta zo, da abin da kakanninmu suke nufi idan sun furta ta. Tarihin waɗannan garuruwa uku ya isa ya nuna mana hanyar da ta biyo.

Sunan dalma ne

Asalin kalmar Balarabiya ce. Larabawa suna kiran dalma *rasas*, ita ce kuma kalmar da suke amfani da ita ga harsashi, domin da dalma aka fara zuba shi. Dalili a fili yake: tana da nauyi, tana narkewa a wutar da ba ta kai ta maƙera ba, kuma tana da arha. Mutum zai iya narka ta a kasko ya zuba a mazubi, ya sami ƙwayoyi masu girma ɗaya. Har yau Balarabe yana kiran fensir *ƙalam rasas*, wato alƙalamin dalma. Waswahili sun ari kalmar suka ce *risasi*. Turkawa ba su ara ba, amma tunaninsu ya bi hanya ɗaya, domin *kurshun* a harshensu dalma ce kuma harsashi ne. Ingilishi da Faransanci kuwa siffar abin suka duba, sunan da suka ba shi yana nufin 'yar ƙwallo.

Yadda *rasas* ta zama harsashi abu ne da za mu iya bi daki-daki. Bahaushe yakan ari kalmar Larabci tare da *al* ɗin da ke gabanta, shi ya sa muke da alƙali da alkama da albasa. Idan kalmar ta fara da irin haruffan da ke haɗiye lam, sai a sami annabi da addini da asuba. Ga wadda ta fara da *r*, misali mafi kusa shi ne arziki, daga *ar-rizƙ*. Haka *ar-rasas* ta zama *arsas*. Sai harshenmu ya ƙara mata wasali a ƙarshe, tun da ba ya son kalma ta tsaya a kan baƙi, kuma a Hausa sau da yawa *s* da ta haɗu da *i* takan koma *sh*, kamar yadda gasa ke ba mu gashi. Da muka zo jam'i sai *s* ɗin asali ta dawo, muka ce harsasai. Ita kuwa *h* ta farko irin wadda ke zuwa ta tafi ce tsakanin karorin Hausa, inda wani ke cewa hanta wani ya ce anta, wani haihuwa wani aihuwa.

Harsashin gini daga wani tushe ya fito. Larabci yana da *asas*, wato tushe, wadda ta ba mu assasa. Kalmomi biyu masu kama da juna a kunne suka shigo, sai bakin mutane ya goge bambancinsu har suka zama ɗaya. Ba su haɗa kaka ba, zaman tare ne ya sa su kama.

Abin lura shi ne mu muna da kalmarmu ta dalma, ko darma a wasu wurare, amma ba mu taɓa kiran abin da ke fita daga bindiga da ita ba. Mun san dalma tun da daɗewa. Dutsen kwalli da mata ke niƙawa su sa a ido ma'adinin dalma ne. A 2010 mun kuma ji sunanta da ɗaci, lokacin da gubarta ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Anka da Bukkuyum a Zamfara. Amma harsashi ya zo mana a matsayin baƙon kaya, da sunansa a goshi, kamar yadda sukari da sabulu suka zo. Wannan kaɗai shaida ce cewa ta hannun masu jin Larabci muka fara saninsa, ta hanyar Sahara da Barno.

Sunaye masu zamewa

'Yan rakiyar harsashi su ma baƙi ne. Albarushi daga *al-barud* yake, wato garin da ke kamawa da wuta ya tura harsashi. Ana haɗa shi da gawayi da farar wuta da wani gishiri da ake tacewa daga ƙasa. A yau idan jarida ta ce an kama mota da alburusai ɗari biyar, harsasai take nufi. Sunan gari ya zame ya hau kan ƙwaya. Ba abin mamaki ba ne, domin harsashin zamani ya haɗa komai wuri guda: ga kwanso na tagulla ko ƙarfe, ga gari a cikinsa, ga 'yar hula a gindi wadda ke tayar da wuta idan an buge ta, ga ƙwayar a baki. Wanda bai taɓa ɗura bindiga da hannu ba, ba shi da dalilin rarrabe su.

Bindiga ma haka ta yi tata zamiyar tun kafin ta iso gare mu. *Bunduƙ* a Larabci sunan 'ya'yan wata itaciya ne, ƙanana masu ɓawo mai tauri, kusan girman gurjiya. Maharban tsuntsaye na ƙasashen Larabawa suna da wani baka da ake harba ƙwallayen yumɓu da shi, sai aka kira ƙwallayen da sunan 'ya'yan itacen saboda kama. Da makamin wuta ya zo yana harba ƙwallayen dalma, sai aka ce masa *bunduƙiyya*. Wasu kuma suna danganta sunan da birnin Banis na Italiya, wanda Larabawa ke kira da irin wannan suna. A bisa bayanin farko, kalmar da muke kiran bindiga da ita sunan harsashi ce a can asali.

Aikatau kuwa namu ne na gado. Harbi ya girmi bindiga nesa ba kusa ba. Kibiya ake harbawa, kunama tana harbi, jaki ma yana harbi. Maharbi sana'arsa ta kwari da baka ce tun kafin ya rataya bindigar toka. Da muka ga ɗan ƙarfen nan mai lanƙwasa da ke sa bindiga ta tashi, sai muka ce masa kunama. Sulken da mayaƙan dā ke sawa don kare kibiya da mashi shi ne ya ba mu rigar sulke da mota mai sulke. Linzamin doki ya ba mu makami mai linzami. Wato kayan na waje ne, amma da tsohon harshen yaƙin doki da baka muke sarrafa su.

Wurno: lokacin da kibiya ke gaba

Bindiga ba sabuwa ba ce a wannan yanki lokacin jihadi. Mai Idris Aloma na Barno ya yi amfani da 'yan bindiga Turkawa tun ƙarni na 16. Tarihin sarakunan Kano ya ce Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. A Alƙalawa, can sama da Goronyo a kwarin Rima, akwai ruwayar da ta shahara cewa Sarkin Gobir Yunfa ya nufi Shehu Usmanu da bindiga, ta tashi ta baya ta ƙona shi. Amma a Tafkin Kwatto a 1804, 'yan baka ne suka karya dawakin Gobir. Haka aka ci gaba da yaƙi har Alƙalawa ta faɗi a 1808.

Muna da shaidar wanda ya gani da ido a kan ƙarancin bindiga a wancan zamani. A Oktoban 1826 Baturen nan Kilafatan yana tare da rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello lokacin da ta kewaye Konya, inda Gobirawa suka yi sansani. Ya ƙiyasta mayaƙan da dubun-dubata, amma bindigogin da ya gani a hannunsu 'yan gommai ne. Cikin garin kuwa, a ƙidayarsa, bindiga ɗaya ce tak. Ita ɗin ce ta kayar da na gaban 'yan lifidi daga kan dokinsa, duk da kaurin audugar da ke jikinsa. Rundunar ta janye ba ta ci garin ba. A wannan ɗan labari akwai abin da zai faru nan gaba: lifidin da ke tsayar da kibiya ba ya tsayar da dalma.

Bello ya fahimci haka. Cikin abubuwan da ya nema daga Ingila ta hannun Kilafatan akwai bindigogi da albarushi. Sai dai bai dogara da su ba wajen tsaron iyakarsa ta arewa maso gabas. Dabararsa ita ce ribaɗi, wato gari mai ganuwa a bakin iyaka, inda za a zaunar da mutane su yi noma da sana'a da karatu, su kuma zama garkuwa. Wajen ƙarshen shekarun 1820 ya kafa Wurno a gefen gulbin Rima, yana fuskantar Gobirawa da Azbinawa. Gandi, da ke ƙasar Rabah a yau, ita ma ribaɗi ce ta zamaninsa. Ya ja hankalin Fulani makiyaya su zauna a irin waɗannan garuruwa. A 1836 ya yi nasara a Gawakuke, inda aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda. A shekarar da ta biyo ya rasu a Wurno, can kuma hubbarensa yake.

Me ya sa harsashi bai kori kibiya ba a wancan lokaci? Duk wanda ya taɓa kallon maharbi yana ɗura bindigar toka ya san amsar. Zai zuba gari ta baki, ya cusa tsumma, ya danna da sanda, ya zuba abin harbi, ya sake dannawa. Kafin ya gama, ɗan baka ya saki kibau da yawa, kowace da dafin kwankwani a bakinta. Idan damina ce gari ya yi sanyi, bindiga ta zama kulki. Ba banza aka raɗa mata harba-ka-ruga ba. Dalma kuma ba kullum ake samunta ba, don haka guntayen ƙarfe daga maƙera da tsakuwa duk sun shiga bakin bindiga, duk kuma an kira su harsashi. A nan kalmar ta rabu da ma'anarta ta asali, ta koma sunan duk abin da bindiga ta tofar.

Akwai kuma dalilin nisa da na siyasa. Daga bakin teku, sai kaya sun ratsa ƙasashen da ba sa son makwabtansu na arewa su yi ƙarfi. Daga Tarabulus, sai raƙumi ya yi watanni a hamada. Abin da ya iso kaɗan ne kuma da tsada. Sarakuna kuwa ba sa son makamin ya bazu, sai suka damƙa shi a hannun bayin sarki, waɗanda ba su da gadon sarautar da za su nema. Su ne 'yan bindiga na asali. Bindiga kayan fada ce, har ta kai ga zama kyautar girmamawa. Da Bajamushen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo wurin Sarkin Musulmi Aliyu Babba a 1853 ya kuma zauna a Wurno, cikin kyautar da ya miƙa akwai ƙananan bindigogi biyu masu ado.

Ragowar wannan tarihi ita muke gani ranar hawan salla, idan 'yan bindigar sarki suka jeru suna cika gari da ƙara da hayaƙi. Albarushi ne zalla, babu harsashi. A garuruwan sarauta da dama, da irin wannan harbi ake sanar da ganin wata. Tsofaffinmu sun tashi suna jin ƙarar bindiga su yi murna, domin sun san babu komai a cikinta. Bambancin kalmomin nan biyu da muka bari ya ɓace, a wurinsu shi ne bambancin biki da makoki.

Ranar Giginya

Wajen ƙarshen ƙarni na 19 lissafi ya canza. A Turai an ƙera bindigar da ake ɗurawa ta baya da harsashi mai kwanso, sannan aka ƙera mai sarrafa kanta. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Burasel wadda ta taƙaita sayar wa yawancin Afirka bindigogin zamani da harsasansu, aka bar mana tsofaffin na toka. Wanda ya sami na zamani ta wata hanya ya ga amfaninsu: Rabe ya ci Barno a 1893 da rundunar da ba ta kai ta Shehun Barno yawa ba. Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ya yi zamansa a Wurno, ya rasu a 1902 ana jin ƙishin-ƙishin tahowar Nasara.

Ranar 15 ga Maris 1903 aka haɗu a filin Giginya, bayan ganuwar Sakkwato. Sojojin Ingila ba su kai dubu ba, mafi yawansu ma baƙar fata ne, Hausawa da Yarabawa. Amma suna da igwa da bindigogin Maksim, waɗanda kowace ke iya zubar da harsashi ɗaruruwa a minti ɗaya. Dawakin da suka saba kaiwa ga abokin gaba kafin ya sake ɗuri, a ranar ba su sami wannan tazara ba. Tun da hantsi aka gama. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas da jama'a mai yawa, aka cim masa a Burmi ranar 27 ga Yuli.

Bayan shekara uku, mutanen Satiru, da gatura da fartanya, suka afka wa sojojin doki a Fabrairun 1906, suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da ashirin, har suka ƙwace Maksim. A watan Maris aka dawo musu da harsashin da ba ya ƙarewa, aka shafe garin. A daidai wannan lokaci, can a Tanganyika, masu tawayen Maji Maji suna fuskantar Jamusawa da imanin cewa wani ruwa zai mayar da harsashi ruwa. Mu ma muna da namu: maganin ƙarfe na 'yan tauri ya haifi maganin bindiga, ana ɗinka layu a riga ana cewa harsashi zai zame. Har gobe ana sayar da wannan fata, ana kuma samun waɗanda suka mutu wajen gwaji.

Da mulkin mallaka ya zauna, harsashin zamani ya zama na hukuma ita kaɗai. Talaka sai bindigar toka don gada da zomo. Dokar makamai ta 1959, wadda ake aiki da ita har yanzu, ta tabbatar da wannan tsari na lasisi. A 1964 aka kafa masana'antar ƙera kayan yaƙi ta ƙasa a Kaduna da taimakon wani kamfanin Jamus, Nijeriya ta fara yin harsashinta.

Rabah

Harsashin hukuma bai tsaya ga abokan gaban ƙasa ba. Ahmadu Bello ɗan Rabah ne, can aka haife shi, jikan Sarkin Musulmi Atiku na Rabah. Ya zama Sarkin Rabah a 1934, ya zama Sardauna a 1938, ya zama Firimiyan Jihar Arewa. Daren 15 ga Janairu 1966 sojoji ƙarƙashin Manjo Nzeogwu suka shiga gidansa a Kaduna suka harbe shi tare da matarsa Hafsatu. Da makaman gwamnati aka yi, waɗanda aka saya da harajin jama'a. Ga mutanen Arewa da yawa, tun daga wannan dare kalmar harsashi ta shiga maganar siyasa, ba ta kuma fita ba: sai juyin mulkin Yuli, sai yaƙin basasa, sai kisan Murtala a 1976.

A Afrilun 1980 kuma, a Bakolori, a kan gulbin da ke gangarowa ya wuce ta Rabah, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a kan manoman da ke neman diyyar gonakin da madatsar ruwa ta cinye. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen wurin suka ce waɗanda suka mutu sun fi haka nesa. Wannan ma yana cikin tarihin kalmar a wannan yanki, kuma yana cikin abin da ya rage amana tsakanin ƙauye da hukuma.

A Yulin 2018 'yan bindiga suka shiga Tabanni, kusa da Gandi, suka kashe mutane fiye da talatin, saura suka yi gudun hijira zuwa Gandi. Garin da Bello ya kafa don ya zama mafaka a bakin iyaka ya koma aikinsa na farko bayan shekaru kusan ɗari biyu, sai dai yanzu babu ganuwa, kuma maharan ba daga wata daula suke ba.

Goronyo

Ranar Lahadi 17 ga Oktoba 2021, ranar cin kasuwar Goronyo, mahara suka kewaye kasuwar suka yi ta harbi. Gwamnatin jiha ta tabbatar da mutuwar mutum 43. A lokacin an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, don haka labarin bai fita da wuri ba. Mutanen da suka kawo albasa da tafarnuwa da dabbobi ne, da waɗanda suka zo cefane.

Bindigar da ta fi yawa a hannun waɗannan mahara ita ce AK-47 da 'yan'uwanta. Gidan harsashinta yana cin talatin, ana kuma iya juye su cikin 'yan daƙiƙu. Rundunar Bello gaba ɗaya a Konya ba ta da wutar da matasa biyar a kan babura uku ke ɗauke da ita yanzu. Ƙwayar wannan harsashi, a mafi yawan lokuta, ƙarfe ne a ciki da 'yar dalma kaɗan. Sunan dai ya tsaya, abin ya canza.

Harshe ya bi sawu. Muna cewa ruwan harsasai, luguden wuta, ɓarin wuta, harbin kan mai uwa da wabi. Kalmar da ta fi kowace shan wahala ita ce 'yan bindiga. Daga bayin sarki masu ɗamara a ƙofar fada, ta koma sunan masu satar shanu da mutane. A Nuwamban 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana su a matsayin 'yan ta'adda, kuma a cikin takardar Turanci da sunayen Hausa aka rubuta su: 'Yan Bindiga da 'Yan Ta'adda. Mutumin da ya gaji wannan muƙami daga kakansa a fada, yanzu sai ya yi bayani kafin ya faɗi aikinsa.

Abin da ke gindin kwanso

Tarihin kalmar yana nuna mana wani abu da ya shafi yau kai tsaye. A zamanin Wurno, abin da ya taƙaita kisa shi ne wahalar samun gari da dalma. Bindiga tana iya shekara hamsin a hannu tana aiki, harsashi kuwa sau ɗaya ake harba shi. Maƙerin ƙauye yana iya ƙera bindiga ƙirar gida, amma ba ya iya yin harsashin AK-47, domin sai masana'anta. Ke nan duk harsashin da aka harba a Goronyo ko Tabanni an yi shi a wata ma'aikata, an saye shi, an ɗauko shi a mota, ya wuce shingaye, ya bi ta hannun mutane masu suna da gida.

Yawancin kwanson harsashin soja yana da hatimi a gindinsa, lambobi ko haruffa da ke nuna masana'anta da shekarar ƙira. Da irin wannan alama masu bincike ke bin sawu. Wani rahoto da ƙungiyar Conflict Armament Research ta fitar a 2020, kan makaman da aka ƙwace a Kaduna da Katsina da Zamfara, ya gano waɗanda suka fito daga rumbunan Libiya da suka watse bayan 2011, da na wasu ƙasashen Afirka ta Yamma, da kuma waɗanda asalinsu na jami'an tsaron Nijeriya ne. 'Yan sanda sun sha nuna mutanen da aka kama da harsasai a cikin buhunan abinci da jarkokin manja, maza da mata. Hanyar Sahara da ta kawo mana kalmar tana nan tana kawo abin, sai dai yanzu ta sami kishiyoyi daga cikin gida.

Wannan ya sa tambayar da ta kamata mu riƙa yi wa wakilanmu da hukumomin tsaro ta wuce ta yawan sojojin da aka turo. A ina aka yi harsasan da aka tsinta bayan hari? Wa ke ƙidaya abin da ke fita daga rumbun gwamnati da abin da ke dawowa? Waɗanda aka kama da safarar su, ina shari'arsu ta kwana? Amsoshin suna rubuce a gindin kwanson da yara ke wasa da shi.

Mu masu rubutu da Hausa kuma muna da namu aikin, ko da ƙarami ne. Mu mayar wa kowace kalma ma'anarta: albarushi gari ne, kwanso mazubi ne, harsashi shi ne ke fita. Idan mun rubuta labarin hari, kada mu ce harsashi ya sami wane kamar ruwan sama ne ya sauka, domin akwai wanda ya harba, akwai wanda ya sayar. Maharba da maƙera da 'yan bindigar fada da suka rage a Wurno da Rabah da Goronyo suna da sunayen sassan bindigar toka da na nau'o'in abin ɗuri waɗanda ƙamus bai tattara duka ba. Matasan waɗannan garuruwa da ke riƙe da waya za su iya naɗar su tun masu su suna raye.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a Tabanni da Goronyo da sauran ƙauyukan da ba a buga sunansu a jarida ba, ya mayar da waɗanda suka yi hijira gidajensu da gonakinsu.